Ranar da Ba Ta da Mai Ita

An yi wani sarki matashi a wata ƙaramar masarauta ta ƙasar Sikotland, can inda duwatsu suke gangarowa har cikin teku, ruwan sama kuwa ba ya neman izinin kowa kafin ya sauko. Sunansa Iwan. Sarauta ta same shi yana ɗan shekara takwas, domin mahaifinsa ya kwanta ciwon ajali tun yaron bai iya ɗaga takobi ba.

Da tsohon sarkin ya ji alamar tafiya, sai ya dubi fadarsa ya ga manya biyu waɗanda in ya damƙa wa ɗaya riƙon ƙasa, ɗayan zai ɗaura yaƙi tun ba a tashi daga zaman makoki ba. Na farko shi ne Murdo, shugaban mutanen duwatsu, wan mahaifiyar Iwan, ƙato mai murya, wanda ko gaishe ka ya yi sai ka waiga ka ga da wa ake faɗa. Na biyu shi ne Torkil, shugaban mutanen tsibirai, ɗan baffan tsohon sarki, siriri mai sanyin magana, wanda bai taɓa zagin mutum a kan idonsa ba, bai kuma taɓa mantawa da wanda ya ɓata masa ba. Sai sarki ya kira alƙalin fada, wani dattijo mai suna Laklan, ya nemi shawararsa. Laklan ya ce a raba musu riƙon wata-wata, wannan ya yi wata guda ya sauka, wancan ya hau, har Iwan ya cika shekara goma sha shida, kada kuma a zartar da hukuncin kisa a kan kowa sai su biyun sun haɗa baki. Shi ya rubuta wasiyyar da hannunsa. Jama'a suka yi ta yaba hikimarsa, shi ma, in gaskiya za a faɗa, ya yaba wa kansa.

Abu ɗaya ya manta, bai rubuta yadda za a gane wata ya kama ba. Kai mai karatu, ba sai na gaya maka abin da ganin wata ke jawowa ba, ko a tsakanin 'yan gari ɗaya, balle tsakanin mutum biyu da kowannensu ke ganin ɗan'uwansa ya tsare masa hanya. Mutanen duwatsu ba su yarda wata ya kama sai ido ya ga jinjirinsa, a ƙasar da gajimare ke iya rufe sama mako guda. Mutanen tsibirai kuwa masunta ne, ruwan teku suke dubawa, domin yakan yi wata irin cika a farkon kowane wata, ko da hadari ko babu. Saboda haka a duk canjin hannu sai a sami kwana ɗaya ko biyu da kowa ke cewa nasa ne. Abin haushin ma, in juyi ya zo ta ɗaya ɓangaren, sai kowannensu ya ari hujjar ɗan'uwansa ba ko kunya. Mutanen fada suka sa wa waɗannan ranaku suna kwanakin gardama, suna dariya. Shekara shida ana haka, Laklan yana sulhu yana lallashi, yana ce wa kansa abin bai kai ya kawo ba.

To, a bakin teku akwai wani ƙauyen masunta mai suna Balkori, a kan dutsen da ke samansa kuwa akwai hasumiya inda ake ajiye mai gadi. Aikinsa shi ne in ya hango jiragen 'yan fashin teku ya kunna wuta, ya zuba mata ɗanyar ciyawa, hayaƙi ya tashi, mayaƙan duwatsu su gani su sauko. Murdo ya ba da umarni cewa a watansa, da an ga jirgi baƙo a kunna. Torkil kuwa ya ba da nasa cewa a watansa kada a kunna sai wakilinsa ya zo ya tabbatar, domin sau biyu ana kunnawa a kan jiragen masunta, mutanen Murdo su sauko da makamai, su rasa abokin gaba, su cinye tumakin talakawansa su koma. Kowannensu yana da hujja, kada ka ce ɗaya wawa ne.

A cikin ɗaya daga kwanakin gardama 'yan fashi suka zo. Mai gadin, wani mutum mai suna Finli, ya jinkirta har hantsi yana jiran wakili, sannan ya kunna ba tare da wakili ba. Kafin mayaƙa su iso an ƙone Balkori, an kashe maza goma sha ɗaya. Murdo ya ce a rataye Finli saboda ya jinkirta, Torkil ya ce a rataye shi saboda ya kunna ba izini. A karo na farko cikin shekara shida bakinsu ya zo ɗaya, aka sa ranar rataya bayan kwana uku.

Washegari da safe sarki Iwan, wanda yanzu yake da shekara goma sha huɗu, ya aika aka kira masa Laklan. Alƙali ya same shi tsaye a kan ganuwa yana duban wajen teku, ruwa yana jiƙa masa gashi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Tashi, Baba Alƙali, dutsen nan da sanyi. Na kira ka ne a kan mai gadin Balkori. Na san wasiyyar mahaifina ba ta ba ni ikon afuwa ba sai nan da shekara biyu, ba kuwa zan karya ta ba. Amma zuciyata ta ƙi yarda cewa igiyar nan wuyan da ya dace za ta shiga. Ina so ka nemo mini hanyar da zai tsira, da sharaɗi uku: kada a yi ƙarya, kada a saɓa wasiyya, kada a buɗe masa ƙofa a ɓoye. Kai ka rubuta takardar da ta kawo mu nan, kai ya kamata ka san inda ƙofarta take."

Maganar ƙarshen nan ta soki Laklan, domin yaron bai faɗe ta da fushi ba, gaskiya ce kawai ya ajiye masa. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana ɗalibi. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na ji, zan kuma nema. In na rasa, zan zo in faɗa maka na rasa, ba zan yi maka kwana-kwana ba."

Daga nan kurkuku ya nufa. Ya tarar da Finli zaune a kan bambaro, mutum ne gajere mai faffaɗan kafaɗa, tafin hannunsa duk ƙuna. Laklan ya zauna a kan wani kututture ya ce ya ba shi labari tun daga farko.

Finli ya ce, "Ranka ya daɗe, rana tana fitowa na hango jirage biyar. Na dubi teku, ya cika maƙil, wato watan Torkil ya kama. Na tuna kuma jiya da magariba ba wanda ya ga wata, wato Murdo bai sauka ba. Sai na tura matata ta kira wakilin Torkil, ashe ya haye tsibiri wajen biki. Na tsaya da garwashi a hannu ina kallon jiragen suna girma. Da na ga kawunan dodannin da suke sassaƙawa a gaban jiragensu, na kunna."

"Me ya hana ka kunnawa tun farko?"

Finli ya ce, "Zan iya ce maka umarni ne ya riƙe mini hannu, amma tsoro ne. Wanda na gada, Gilis, ya kunna a watan Torkil, aka yi masa bulala hamsin, ni na wanke masa baya. Wanda Gilis ya gada bai kunna ba a watan Murdo, aka kore shi daga ƙasa da 'ya'yansa. Bayan Gilis nake gani, ranka ya daɗe, ban ga Balkori ba sai da ta kama wuta. Cikin sha ɗayan nan akwai wanda muka yi wasan ƙasa tare."

Laklan ya ce, "A ganinka, ƙasar a hannun wa take a ranar?"

Finli ya ce, "Da na san wannan, da yanzu ina gida."

Alƙali ya fito da wannan amsa tana yi masa yawo a ka. Gidansu gidan alƙalanci ne tun kakanni, kuma akwai dokokin ƙasa da ba su cikin takarda, baki da baki ake gadonsu. Yana tafe yana bitar abin da kakansa ya haddasa masa, har ya zo kan wata tsohuwar al'ada da aka yi shekara sittin ba a taɓa ta ba. Nan take ya tsaya a tsakiyar hanya, har wata mai tallar kifi ta yi karo da shi ta yi masa tsaki. Ya koma gida da ƙarfin gwiwa, yana ganin ya gama da su Murdo.

Ranar da za a yi rataya majalisa ta cika. Sarki yana kan karaga, Murdo a dama da mutanensa, Torkil a hagu da nasa, Finli a tsakiya da sarƙa. Laklan ya miƙe ya ce, "Allah ya ba sarki nasara, Allah ya ƙara wa iyayen ƙasa girma. Hukunci ya tabbata, tunda bakinku ya haɗu. Saura abu ɗaya kafin in rubuta takardar kisa. Dole in sa sunan wanda ƙasa take hannunsa a ranar da laifin ya auku, domin umarninsa ne aka saɓa. Duk wanda aka rubuta kuwa, kun ga gardamar shekara shida ta ƙare ke nan, kwanakin sun zama nasa."

Murdo ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. Ya ce, "Wannan ai ba abin tambaya ba ne, Alƙali. Ba a ga wata ba. Ranar tawa ce, rubuta Murdo."

Torkil ya yi murmushi ya ce, "Ɗan'uwana yana da ƙarfin murya, amma teku bai san murya ba. Ruwa ya cika tun daren jiyan ranar. Alƙali mai ilimi ne, ya san sunan da zai rubuta."

Laklan ya bar su suka yi ta yi har suka gaji, sannan ya ce, "Madalla. Za a kawo Littafi mai tsarki kowa ya dafa ya rantse. Amma haƙƙi ne a kaina, kafin rantsuwa, in tuna muku abin da ke kan mai ranar. Al'adar kakanninmu ita ce, wanda ƙasa ke hannunsa ranar da abokan gaba suka ci gari, zai ajiye takobinsa a ƙofar majalisa, ya cire takalmansa, ya taka da ƙafa har garin, ba dogari a gabansa. Zai tsaya gaban matan da aka kashe wa maza su faɗa masa duk abin da ke ransu. In sun tsaya suna fuskantarsa, ya ci gaba da mulkinsa, kuma shi zai hukunta bayinsa na wannan rana yadda ya ga dama. In sun juya masa baya, ya sauka har abada." Ya juya wajen dattawan majalisa ya tambaye su ko ya ƙara wani abu. Tsofaffi uku suka ce haka take, ɗayansu ma ya ce yana yaro ya ga an yi.

Murdo ya ɗaga kujerarsa da kansa ya zauna, ya shafa gemu, ya ce, "To, in mutum zai yi adalci, ai su masunta da wata suke kwana suke tashi. In Torkil ya ce ruwa ya cika, ni wane ne da zan ƙaryata teku?"

Torkil ya ce, "Ɗan'uwana ya karrama ni fiye da ƙima. Sai dai iska ma takan tura ruwa ya cika ba wata ba. Magabata ido suka sani. Tunda ba a ga wata ba, ba zan ƙwace wa Murdo ranarsa ba."

Na so a ce kana wurin ka ga ladabi! Shekara shida ba wanda ya taɓa ce wa wani bismillah, yau ga su suna ta miƙa wa juna rana kamar baƙi biyu a bakin ƙofa. Aka kawo Littafi. Murdo ya dafa ya rantse ranar ba tasa ba ce, Torkil ya dafa ya rantse ba tasa ba ce.

Laklan ya ce, "Jama'a sun shaida. Tunda ranar ba ta Murdo ba ce, umarninsa bai hau kan Finli ba, ba za a kashe shi don jinkiri ba. Tunda ba ta Torkil ba ce, umarninsa bai hau kansa ba, ba za a kashe shi don kunnawa ba. Ban ga laifin da zan rubuta ba." Ya faɗi haka yana jin daɗi a ransa, har ya fara naɗe takardarsa.

Sai Torkil ya ɗaga yatsa. Ya ce, "Alƙali ya yi magana mai kyau, amma bai ƙarasa ba. Jinin mutum goma sha ɗaya ba ya zuba a ce ba ya wuyan kowa, wannan ma doka ce, kuma daga bakinka muka koye ta. In ranar ba ta da mai ita, to ba kowa a saman mai gadi, shi ne shugaban kansa a kan dutsen nan. Ya ga jirage da fitowar rana, ya tsaya har hantsi. Jinin yana wuyansa shi kaɗai." Murdo ya buga cinya ya ce haka ne.

Laklan ya fasa naɗe takardarsa. Maganar daidai take a shari'a, ya kuma san daidai take. Ya yi ta murna ya rufe ƙofa biyu, ashe ta uku tana buɗe a bayansa. Ya dubi Finli, ya ga mutumin ya sunkuyar da kai kamar wanda dama bai sa rai ba. Ya juya wajen karaga don ya cika alkawarinsa na faɗa wa sarki cewa ya rasa.

Bai kai ga buɗe baki ba sarki ya ce, "Baba Alƙali, ina da tambaya. Mahaifina ya ba Kawu Murdo da Baffa Torkil riƙon ƙasa. Riƙo ya ba su, ko kyauta?"

"Riƙo ne, Allah ya ba ka nasara."

"Abin da aka ba mutum riƙo, in ya ce ba ya hannunsa, hannun wa yake komawa?"

Laklan ya gane inda yaron ya dosa, tsoro ya kama shi. Ya so ya kauce, amma sharaɗin farko da aka gindaya masa shi ne kada a yi ƙarya. Ya ce a hankali, "Hannun mai shi."

Sarki ya ce, "To rubuta Iwan. Ƙasa ba ta kwana ba mai ita. Kawu ya rantse, Baffa ya rantse, ban kuwa zarge su da ƙarya ba. Ranar tawa ce, Finli bawana ne, jinin Balkori yana wuyana." Ya sauko daga karaga, ya kwance ɗan takobinsa, ya sunkuya ya fara warware igiyar takalminsa.

Laklan ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi tunani. Matan nan 'yan kwanaki ke nan da binne mazansu. In suka juya maka baya, ba mai iya mayar da kai, Finli kuma igiya tana jiransa duk da haka. Ni na tono al'adar nan don in tsorata manya, ban tono ta dominka ba."

Sarki ya ce, "Na sani, Baba. Amma ba za mu tsorata mutane da dokar da mu kanmu muke gudu ba. Ka zo mu tafi, kai ka bar takalmanka, ka tsufa."

Daga fada zuwa Balkori tafiyar yini ce, hanyar kuwa duwatsu ne masu kaifi da ƙaya da ruwan sanyi. Sarki yana gaba, Laklan yana binsa da sanda, Finli a bayansu da sarƙarsa, jama'a kuma can nesa. Murdo da Torkil sun biyo a kan dawaki, domin kowannensu yana so ya kasance a wurin in karaga ta zama ba kowa. Kafin azahar sawun yaron ya fara barin jini a kan dutse. Bai yi kuka ba, amma Laklan yana jin yadda yake jan numfashi ta haƙora, kuma duk taku ɗaya dattijon yana jin kamar shi ya shimfiɗa duwatsun. Da suka wuce rabin hanya Murdo ya kasa jurewa, ɗan ƙanwarsa ne fa, ya sauka ya ja dokinsa da hannu. Torkil ya duba ya ga shi kaɗai ya rage a sama, shi ma ya sauka.

Da la'asar suka isa. Ba abin da ya rage a Balkori sai bangaye baƙaƙe da ƙaurin toka. Matan suka fito suka jeru a bakin ruwa, su goma sha ɗaya, wasu da goyo. Babbarsu wata mace ce mai suna Morag, wadda aka kashe wa miji, ƙaninta ma yana cikin mamatan. Laklan ya bayyana musu al'ada da abin da ke hannunsu.

Sarki ya tsaya a gabansu ya ce, "Iyayena, ni ne Iwan. Ranar da aka ƙone garinku, ƙasa a hannuna take. Ban tsare ku ba. Ban zo da hujja ba, na zo ku faɗa mini abin da ke ranku."

Morag ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta daɗe a kan ƙafafun. Ta ce, "Mijina yana gyaran koma suka same shi, ko wuƙa babu a hannunsa. Yana ta duban dutsen can yana cewa yanzu za a ga hayaƙi. Ka san wannan?"

"Ban sani ba, Inna. Yanzu na sani."

Wata daga cikin matan ta fashe da kuka ta fara juyawa. Morag ta kama hannunta ta ce ta dakata. Ta sake duban sarki ta ce, "Shekara shida in tumakinmu suka ɓata, mu je wajen wancan ya ce watan wannan ne, mu je wajen wannan ya ce watan wancan ne. Ba mu taɓa samun wanda za mu tsaya a gabansa mu yi masa kuka ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, yaro. In jiragen nan suka dawo gobe, wa zai ce a kunna?"

"Ni."

"Jibi fa? Watan gobe fa?"

Sarki ya waiga ya dubi kawunsa da baffansa. Ba wanda ya ɗaga ido a cikinsu. Ya ce, "Ni ne, kowace rana. Wanda ya ga jirgi ya kunna, in kuskure ne a zo a same ni."

Morag ta ce, "To ba mu juya ba." Sauran matan suka tsaya yadda suke, har wadda ta fara juyawa.

Sarki ya ce, "Al'ada ta ba ni hukuncin mai gadi, amma ba zan yanke shi a bayan idonku ba. Ga shi nan. Ni ina so ya rayu. Me kuka ce?"

Aka matso da Finli. Ya kasa duban kowa. Morag ta san shi tun yana yaro, ta tsaya a gabansa har sai da ya ɗago. Ta ce, "Ban yafe maka ba, Finli, kada ka zaci na yafe. Wataƙila nan gaba, ban sani ba." Sannan ta juya wajen sarki ta ce, "Ku cire masa sarƙar nan ku mayar da shi kan dutsen. Duk ƙasar nan yanzu ba mai saurin kunna wuta kamarsa."

Finli ya durƙushe a kan yashi yana kuka kamar ƙaramin yaro, wani maƙeri daga cikin jama'ar da suka biyo su ya zo ya cire sarƙar. A ranar ya hau hasumiya, an ce kuma har ya mutu ba a ƙara cin Balkori ba.

Da aka koma fada, sarki yana zaune ƙafafunsa a naɗe da tsumma, Laklan ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ina roƙon a sauke ni. Mantuwata ce ta haifi kwanakin gardama, dabarata kuma ta kasa a gaban majalisa, sai kai ka ƙarasa da fatar ƙafarka."

Sarki ya ce, "Baba, kai ka sa manya biyu suka faɗi gaskiya da bakinsu, kuma da na tambaye ka abin da kake tsoron amsawa, ba ka yi mini ƙarya ba. Irin wannan nake so kusa da ni." Ya sa aka yafa masa alkyabbar mahaifinsa, ya naɗa shi waziri, ya ce aikinsa na farko shi ne ya rubuta ƙa'ida ɗaya ta kamawar wata, a karanta ta a duwatsu da tsibirai. Murdo da Torkil suka ƙarasa shekara biyunsu na riƙo kamar yadda wasiyya ta ce, amma ba wanda ya ƙara jin ɗayansu yana jayayya a kan kwana.

Waziri Laklan ya rayu har ya ga 'ya'yan Iwan, kuma duk wanda aka kawo masa don ya koyi sha'anin mulki, da magana ɗaya yake fara masa: adalcin mai mulki yana farawa ne daga ranar masifa, in ya miƙe ya ce tasa ce tun ba a nemo talakan da za a ɗora wa ba.